Gurnanin da Ta Zo Nema

A kan tudun Valparaíso, inda gishirin teku
ke cin ƙarfe kamar yadda gara ke cin itace,
Amparo ta hau matakala ɗari da shida
rungume da rediyon mahaifinta.
Ta ce, "Eleuterio, shekara talatin bai ce uffan ba."

Ban jona shi nan take ba, garaje aikin yaro ne.
Na kwance bayansa, kusa huɗu, ɗaya ta ci tsatsa.
Sai ga kwalabe biyar a tsaye, sun yi furfurar ƙura,
ga mushen kyankyaso a gindin tiransifoma.

Na sa ƙwan lantarki tsakaninsa da soket:
in ya haska fau, akwai gobara a ɓoye.
Ya yi ja, ya dushe. Madalla.
Kwalabe huɗu suka ɗau ɗumi kamar garwashi a toka,
ta biyar sanyi ƙalau.
Na ɗora mata laifi, na sauya ta. Shiru.
Ashe dalma ce ta tsage a ƙarƙashin ƙafarta.
Na mayar da ita gurbinta, na ba ta haƙuri.

Ran Laraba ya buɗe baki da gurnani,
kamar jirgin ruwa na lalube cikin hazo.
Hannu ɗaya a aljihu, haka maigidana ya koya mini,
don wuta ba ta girmama furfura.
Na bi waya ɗaya bayan ɗaya, ido a kan allurar mita.
Kafasita biyu sun kumbura, sun yi aman kakinsu,
rezista guda ta manta lissafinta.
Na cire, na liƙe, hayaƙin dalma na yi mini yaji a ido.

Ran Asabar ya yi magana tangaram:
farashin kifi, wanda ya ci ƙwallo, iskar gobe.
Amparo ta murɗa, ta kasa kunne, ta daɗe.
"Wannan ba na Baba ba ne.
Nasa yana gurnani ƙasa-ƙasa,
da shi muke yin barci."

Na dubi tsofaffin kafasitan a kwandon shara.
Ba zan mayar da su ba, kada in ƙona mata gida.
Sai na ɗauki ɗan tsinke,
na tura wayar ɗumama kwalabe
ta matso kusa da wayar murya, faɗin farce.

Ya dawo, siriri, a bayan maganar mai labarai.
Ta rufe ido.
Wannan aikin ban sa shi a rasit ba.