Tsani

Washegarin kasuwar Gujungu,
layi ya kai gindin darbejiya,
na hango Sabitu yana sauke kakansa daga babur
a hankali, kamar mai sauke tulun da ya tsage.

Baba Ɗanliti ne.
Shekara talatin da biyar yana riƙe da alli,
rabin Taura a hannunsa suka san baƙi da wasali,
har da ni.
Yau hannun nan ya miƙo, na ɗaura masa awo,
jini ya haura inda ba na so.

Na san maganinsa.
Yana kan kanta, bayan Asabe mai ba da magani,
farin kwali mai ratsin shuɗi,
taku bakwai daga kujerata.
Amma takardar inshora ta ce ba haka ba:
a fara da na ƙasa, mai araha,
a sha wata uku,
in ya gaza a rubuto mana,
mu duba, mu sa hannu,
sannan a taka na gaba.

Na buga waya Dutse.
Na ce, ai ya sha wannan bara,
ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga,
jiri ya kayar da shi a sahun asuba.
Muryar ta amsa, da ladabi kuwa:
"Likita, bara da kuɗinsa ya saya,
babu shi a na'urarmu."
Wato abin da ba su rubuta ba,
bai faru ba.

Mataki-mataki, in ji su.
Wanda ya kafa tsanin nan
bai taɓa jin ƙarar gwiwar tsoho ba.
Wata uku a ofis shafi uku ne na kalanda.
A nan kuwa daga shuka ne zuwa tumu,
kuma ba kowane tsoho ke kaiwa ga tumu ba.

Inna Tabawa ta Kwalam
tana kan mataki na biyu ɓarin jikinta ya shanye.
Amincewarsu ta iso ranar sadakar bakwai,
da hatimi, da sa hannu, tsaf.
Tana nan cikin durowata,
na rasa wanda zan miƙa wa.

An koya mini in rufe rijiya tun da rana.
Yanzu an ce sai wani ya faɗa,
in auna zurfin, in aika da shaida,
sannan a ba ni murfi.
Ban ce kuɗi ba ya ƙarewa ba,
na san asusu ba kogin Haɗeja ba ne.
Amma kwanan tsoho ma ƙarewa yake,
kuma shi ba a cike masa fom.

"Ɗana, me ya tsayar da biron?"
Na faɗa masa, ban rage komai ba.
Ya yi shiru, ya gyara hula.
"A zamaninmu," ya ce,
"yaron da ya gama aji ɗaya
ba a ce ya sake don rajista ta ɓata."

Na rubuta na ƙasan.
A wata 'yar takarda na rubuta na gaskiyan, da kuɗinsa.
Sabitu ya duba, leɓensa na motsi,
na san akuya yake lissafawa.
Na ce duk Litinin a kawo shi,
ko ana ruwa.

Baba ya karɓi takardun biyu,
ya nesanta su da ido, ya kusanto.
Ya ce, "Rubutunka ya lalace."