Daga Ɗaya Zuwa Biyar

An ba ni takarda ɗari da fensir biyu,
aka ce in zaga Kano in auno zuciyar matasa.
Tambaya ta bakwai ita ce mai ƙaya:
"Yaya kake ganin damarka ta samun aiki?
Zaɓi daga ɗaya zuwa biyar."

A Fagge na iske Tasi'u kan keken ɗinki,
allura a baki, ido kan ƙwan lantarki.
Ya ce, "Da wuta, huɗu. Ba wuta, ɗaya.
Wanne zan ba ki?"
Takardar ba ta da gurbin wuta.
Na rubuta biyu da rabi, na goge rabin.

Mudassir ya ɗauke ni a adaidaita
daga Gadar Lado zuwa Sharaɗa.
Kimiyyar sinadarai ya karanta,
shekara shida har da na yajin aiki.
Muka wuce masaƙar da babansa ya yi furfura a ciki,
ƙofa a garƙame, tumfafiya ta kai taga.
Ya ce, "Sa min uku.
Biyar ƙarya ce, ɗaya kuma butulci,
tunda yau na haɗa balas kafin la'asar."

Shamsiyya mai cirar kuɗi ƙarƙashin lema a Kurna
ko kai ba ta ɗago ba.
"Wa zai karanta?"
Na ce, manya.
"In sun karanta fa?"
Na gyara mayafina.
Ta lashi yatsa, ta ci gaba da ƙirga kuɗin mutane.

Wani ɗan dako a Ƙofar Wambai
ya ce biyar tun ban rufe baki ba.
Na ce, da me ka dogara?
Ya buɗe min tafin hannu, duk kanta,
ya ƙirga yatsun, ya yi dariya, ya ɗau buhunsa.

Da dare a Ɗorayi, da hasken waya,
na tara, na raba:
biyu da ɗigo takwas.
Na zaga unguwa goma sha ɗaya
ban haɗu da mai ɗigo takwas ba.

Kwangilata ran Juma'a za ta ƙare.
Saura takarda ɗaya a jaka.
Na cike suna, na cike shekaru,
na zo ta bakwai.
Inna ta leƙo ta ce tuwo zai huce.
Na ce ina zuwa,
fensirin nake fiƙewa.