Haɗin Gambiza a Bagalam

Bayan isha'i wuta ta dawo Bagalam,
fanka ta farka daga suma.
Arzika mai gyaran salula ya jawo sifika,
ya ɗora kan bencin mai shayi,
ya ce, "Wata uku ina dafa shi. Ku ɗanɗana."

Da farko gurmi ne. Mun gane shi,
yatsun Baba Nomau ne
tun kafin makyarkyata ta aure su.
Sai wata ganga ta faɗo a kai,
mai nauyin tirela a hanyar Ɗan Isa,
ƙirji ke jin ta, kunne ɗan rakiya ne.
Sai sarewar Indiya, siririya, tana karairaya,
sai muryar wata mace da ba mu san yarenta ba,
an datse ta, an maimaita,
an datse, an maimaita,
can ƙasa kuma taɓarya da turmi:
ya ɗauko su a waya
ranar da matan Mokoyo ke dakan gyaɗa.

Jadi mahauci ya ajiye kofi.
"Kalangu magana yake yi.
Wannan an cusa masa tsumma a baki.
Na kasa kunne, bai kira uban kowa ba,
bai ce wane ya kayar da sa ba.
Kiɗan da bai san kowa ba,
wa zai yi masa liƙi?"

Tsahara mai awara ba ta tanka ba.
Cokalinta dai yana dukan bakin kasko,
kaf, kaf-kaf, kaf,
har guda uku suka ƙone,
ta ɗora laifin a kan itace.

Wani ɗan kabu-kabu ya ce,
"Babur ne da ruwa ya shiga cikinsa,
ya tashi, ya mutu, ya tashi."
Aka yi dariya.
Da dariya ta lafa ya matso,
ya miƙa wayarsa a ɓoye: "Tura mini."

Mushe Tanimun, da ya bar alli shekara goma,
ya goge tabarau da bakin riga:
"Shayin nan da kuke kurɓa, a Jiratawa aka noma shi?
Kowane ɗan gida, kakansa baƙo ne."
Jadi ya ce, "Shayi an tafasa shi, Mushe.
Wannan ɗanye ne."

Yara kuwa ba su jira hukunci ba.
Sun riga sun samo masa rawa,
kafaɗa na Gobir, ƙafa ta wata duniya,
ƙugu ya rasa wanda zai bi.

Duk wannan, Baba Nomau na kan buhun gawayi,
hannuwansa a ɓoye cikin hammata.
Muka juya gare shi
kamar masu jiran ganin wata.
Ya ce, "Mayar baya. Nan. Tsaya.
Ka ji wurin?
Tsirkiya ce ta zame mini,
kuskure ne, na sha kunyarsa ranar.
Kai kuma ka tsince shi,
ka jera shi sau arba'in,
ka sa jikokina suna taka shi."

Arzika ya sunkuyar da kai.
Tsohon ya yi wani sauti a maƙogwaro,
wasu sun ce dariya ce,
Tsahara ta rantse ba ita ba ce.

Sai wuta ta ɗauke.

Ni da aka tambaye ni, cewa na yi hayaniya ce,
kuma har yanzu ban janye ba.
Amma da safe ina ɗaure buhunan albasa a tasha,
igiya a haƙori,
na kama diddigena yana wani abu a ƙasa,
daidai wurin da tsirkiyar ta zame.
Na taka shi da ɗaya ƙafar.