Maƙwabcin Mayanka

Tun asuba Arzika ke cinna taya
a bayan mayankar Sakkwato.
Kawunan shanu a jere, ido buɗe,
suna kallon abin da ke tashi.

Hayaƙin nan bai san sallama ba.
Ya haura katangarmu,
ya sauka kan shanya, kan kunun Ige,
ya kwana a ƙirjinta yana busa sarewa.

Likita ta ce a nisanta ta da shi.
Na ce to.
Ina zan kai gidan?

Jiya na je in yi masa tas.
Na iske shi durƙushe yana tari,
kakinsa baƙi wuluk kamar tawada.
Ya ɗago kai: "Ya jikin yarinya?"

Na sayi gandar ɗari biyar na dawo.