Kashi na Sha Tara

Rumfar yayana na bakin Kasuwar Dole,
tsakanin mai gyaran moto da tsohuwa mai alkaki.
Nan nake tura finafinai a waya,
kashi biyar dala ashirin,
in an ɗauke wuta in jawo batir daga ƙarƙashin benci.

Ƙarfe ɗaya 'yan lise ke saukowa,
alli a hannun riga, rana a maƙogwaro,
bakinsu ɗaya: "Ya fito?"
Shirin nan na 'yan makaranta mai dogon zango,
inda Zuwaira ta tsaya tsakanin samari biyu
kamar akuya tsakanin damin harawa biyu,
ba ta ci ba, ba ta bar wurin ba.

Rabin aji na bayan Nabilu mai jan babur,
wanda bai taɓa shiga aji da biro ba.
Rabi na bayan Tsahiru mai tabarau,
mai yi mata lissafi a bayan littafi
yana ɓoye sunanta cikin amsa.
An yi gaba a kan haka.
Na ga ƙawaye biyu da ke sauraro da igiya ɗaya,
kowa ta zare kunnenta, ta kama hanyar gida.

Ke kuwa, Shafa'atu, sai layi ya ƙare.
Tare muka fara firamare, ni na tsaya a hanya.
Ki miƙo wayar nan mai tsagaggen gilashi,
ki ce, "Lawali, ka gani ko? To kar ka faɗa mini."
Na gani mana.
Duk Damagaram ni nake fara gani,
ƙarfe biyun dare,
kafin 'yan garuwa su jera jarka a famfo.

Na san abin da ke cikin kashi na sha tara.
Na san ruwan saman da za a yi, na tiyo,
da wanda zai tsaya cikinsa ba laima.
Mu da ke auna ruwan wanka da moɗa,
muna kallo su zubar da tanki guda
don a ce "ina sonki" sau ɗaya.

Amma akwai wanda ba ku lura da shi ba:
yaron kantin ƙofar makaranta,
wanda Zuwaira ke ba ajiyar jaka.
Shi ke kai takarda, shi ke dawo da amsa.
Ko suna ba a ba shi ba.
A rubutun ƙarshe "mai kanti" aka sa,
na tsayar, na duba har sau uku.
Kashi na bakwai, minti na sha ɗaya,
ya ƙara mata alewa biyu a leda,
kyamara ta wuce shi ta bi babur.

Ran Alhamis, kasuwa na ci,
ina goge wayarki da gefen riga, na ce,
"Wa kike so ta zaɓa?"
Kika ce, "Tsahiru. Mai haƙuri ke dafa dutse."
Na ɗaga kai wajen duwatsun Birni.
Tun kakan kakana rana ke dafa su,
har yau ban ga wanda ya sha romo ba.
Na ce, "Mai kantin fa?"
Kika ce, "Wane mai kanti?"

Na tura miki shida, kuɗin biyar kika biya.
Ba ki ƙirga ba.

Sai jiya Asabar da la'asar,
ba jaka, ba alli, ba ƙawa,
kika ajiye alkaki biyu a kan benci,
kika ce wai wayar ta cika, in share miki wani abu,
"ban da kashi na bakwai."
Kika tsaya kina kallon mai gyaran moto
kamar ba ki taɓa ganin taya ba.

Na rasa abin da zan share.
Daren jiya ban sauke komai ba,
na zauna da alkakin har asuba.
Wannan kashin, Shafa'atu,
ban riga kowa gani ba.