Mai Riƙon Makulli

Shekara goma sha ɗaya makullin nan yana aljihuna,
ya ci mini wando uku.
Ɗakin gwaje-gwaje, ƙarshen baranda, daura da bishiyar turare,
a makarantar jeka-ka-dawo ta bayan Gangare.
Ni ne mai ƙirga:
kwalaben gwaji sittin da huɗu, kwance a kwali cikin audugarsu,
ma'auni biyu, madubin ƙara girma guda
wanda ba idon da ya taɓa leƙa shi sai na gizo-gizo.
Sufeto ya zo, ya ƙirga, ya sa hannu, ya sha shayi.
"Komai daidai, Malam Ɗanlami."
Komai daidai, shiru kamar maƙabarta.

Sai aka turo Malama Kachollom daga Bukuru,
siririya, rigar sanyinta da faci a gwiwar hannu.
Ta ce, "Ara mini ɗakin."
Na ce, "In abu ya fashe, albashin wa?"
Ba ta ja ba. Ta dubi aljihuna, ta wuce.

Washegari ga ta da leda daga kasuwar Farin Gada:
zoɓo, lemun tsami, kanwa ƙulli ɗaya,
robobin ruwa da ta yanke wa wuya.
Ina bakin taga, wai gyaran sakata nake.
Ta ɗiga lemu, jan ya ƙara ja kamar an tsokane shi.
Ta jefa kanwa, ya rikiɗe ya koma kore.
Aji ya saki salati da "Yesu!" cikin numfashi guda.
Talatu ta ce, "Shi ya sa inna ke sa kanwa a yakuwa!"
Malama ta ce, "Innarki ta riga littafi. Rubuta."

Ran Laraba, mayen ƙarfe
da ta ciro daga cikin mataccen rediyo a Dilimi,
da yashin bakin tsohon ramin kuza.
Baƙin gari ya miƙe tsaye, tsinke-tsinke.
Dung ya daɗe bai ce komai ba,
can ya ce, "Ashe ƙasar da kakana ya haƙa tana da gashi."

Dankali shida, ƙusa, wayar tagulla,
ɗan ƙwan fitila bai kai ƙwayar wake ba.
Hasken ya yi kunya, ya ƙi fitowa da rana,
sai suka haɗa kai, suka rufa da mayafi da rigunan sanyi,
yara arba'in suna neman duhu
don su ga abin da hannunsu ya kunna.

Daren nan ban runtsa ba.
An ce ajiya maganin wata rana.
To wace ranar?

Ƙofar ta yi kuka da na murɗa.
Muka kaɗe yana, muka ɗora fatar albasa a ƙarƙashin madubi.
Bitrus ya leƙa, ya ce, "Ɗakuna ne a jere, kamar gidan haya!"
Suka bi layi. Na bi bayansu,
da furfurata, da shekara hamsin da huɗu,
na rufe ido ɗaya, na ga gari cikin abin da nake yarwa kullum.

Sai tas!
Sa'adatu tsaye, hannu a baki, gilashi a ƙasa,
idonta ya riga ya kawo ruwa.
Kowa ya juyo yana duban aljihuna.

Na ɗauko babban littafi, na busa ƙurar bangonsa,
na soke sittin da huɗu, na sa sittin da uku.
A gurbin dalili na rubuta: an yi aiki da shi.
Hannuna na rawa, ba don tsoro ba.
Na ce, "Kawo tsintsiya, ki kula da yatsunki,
ki ɗauki wani ki ƙarasa."

Sufeto zai zo watan gobe.
Ban san me zai ce ba.
Na dai sa a jiƙa masa zoɓo,
kanwar kuma tana aljihun da makulli ya huda.