Tsatsa Ba Ta Rufa Asiri

Da igiya suka jawo ta daga Karkada,
Pijo kat-san-kat mai launin ƙasa.
Shekara tara kaji na ƙwai a kujerarta.
'Yar marigayi Ciroma ta ce, "Malam Mutari,
so nake in ji kukanta ko sau ɗaya."
Na ce, sai na ga cikinta tukuna.

Na shimfiɗa kwali, na kwanta rigingine.
'Yar guduma ce likitana.
Inda ƙarfe ke da rai ya kan amsa, ƙal.
Inda ya mutu sai ka ji bus,
gari ya zubo maka a gemu,
ja wur kamar yajin kilishi.

Garin nan da muke sayen ruwa da jarka,
ina ta samo ruwan da ya ci ta haka?
Lakar hanyar Magarya ce,
ta shiga ramin shasi da damina,
ta sami ɗaki, ta ƙi biyan haya.

Can baya, inda ƙafar hagu ke rataye,
na tarar da kwalta an lafta da kauri.
Kwalta a nan, ai wani ne ke ɓoye kunya.
Na kankare. Ga walda kamar kashin kaza,
guda nan, guda can, tsakani rami,
ba ta shiga ƙarfe ba, zaune take a bisa
kamar baƙon da ke jiran a sallame shi.

Na ƙwala wa yarona kira:
"Harisu, zo ka ga aikin marar tsoron Allah!
Wannan da hannu ya yi ko da ƙafa?"
Ya kawo fitila yana dariya.
Na goga burushi. Shuɗin fenti ya fito,
murfin duro ne aka yanka aka liƙa,
a kusurwarsa sara uku na kurfi,
biyu tsaye, ɗaya kwance.

Na san saran nan.
Ina ɗan sha bakwai nake yin sa,
don a san wa ya yi.

Ranar Bra Gonda ya tafi biki Mirya,
ya bar mini garaji da gargaɗi.
Ciroma na sauri, gyaɗa na jiransa.
Na ce na iya. Na karɓi jika biyu.
Na ci tsire, na sayi takalmi.

Shekara ashirin da ɗoriya
buhuna da mutane da raguna
suna hawa kan ƙaryata,
Tanut, Matamai, su je su dawo.
Ba waldata ta riƙe su ba.

Harisu ya ce, "Maigida, ka yi shiru."
Na ce, miƙo injin yanka.

Kwana shida muka yi. In wuta ta tafi
mu zauna gindin bedi mu jira ta.
Na yanke har inda ƙarfe ya yi fari,
na auna sabo, na fere baki,
na ɗinka a hankali, ɗigo kan ɗigo,
kamar ɓawon kifi, ciki da waje.
Ban shafa kwalta ba. Kowa ya leƙa.

Da ta zo biya, na cire jika biyu.
Ta ce na mene? Na ce tsohon bashi.

Murfin duron yana nan a ƙusa,
bisa ƙofa, saran na kallon waje.
Harisu bai tambaya ba har yau.
Jiya dai na gan shi ya tsaya gabansa,
yana ƙirga wani abu da yatsa.